Lambun Direba

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari. Ranar da ya yi ritaya abokan aikinsa suka ba shi agogon bango da takardar yabo. Ya dawo gida ya rataye rigar aikinsa a bayan ƙofa, ya zauna a kujerar falo. Tun daga ranar Mama ta rasa sakat.

Gidanmu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon titi. Ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a garin, yayyena duk aiki ya watsa su. Ina aiki a kantin magani, ina leƙa su duk Asabar, kuma duk zuwan da na yi sai na tarar da sabuwar ƙara. Yau Baba ya sake jera kwanukan kicin daga babba zuwa ƙarami. Gobe ya kwance fankar da ba abin da ya same ta, ya ɗaura, ta daina juyawa. In ya gaji sai ya tsaya a baranda yana duba agogo, bas ta wuce a makare da minti biyu ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su san darajar lokaci ba.

"Auta, ki zo ki ɗauke mini ubanki," in ji Mama wata Asabar. "Jiya ina yanka albasa ya tsaya a kaina, wai ban daidaita kaurinta ba."

"Kwandasta, ina jin ki fa!" Baba ya ɗaga murya daga falo.

Haka yake kiranta tun muna yara, wai shi ke tuƙa gidan, ita ke tsawata wa fasinja. Ita kuma in tsokana take ji ta ce masa Direba, in maganar gaske ce ta ce Malam.

Ana nan sai hukumar gari ta yanka wani kango a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta raba shi ƙanana-ƙanana don mazauna benaye su yi lambu. Mama ta je ta rubuta sunan Baba ba da saninsa ba. Bayan wata biyu takarda ta zo da makulli a ciki: an ba shi fili na goma sha huɗu.

"Ni? Lambu?" Ya juya takardar gaba da baya. "Ni da ban taɓa binne ko ƙwayar wake ba?"

Amma da gari ya waye ya goge takalminsa ya ce mu je mu gani.

An kewaye wurin da waya, akwai famfo ɗaya a can ƙarshe na kowa da kowa. Wasu filayen sun yi kore shar. Na Baba kuwa sai dai a ce sannu. Ciyawar ƙiri-ƙiri ta shimfiɗe shi kamar tabarma, ga ɓaraguzan bulo, ga fasassun kwalabe, ga tsohuwar taya da ruwa ya kwanta a ciki, har da takalmi wari ɗaya. Baba ya auna shi da ƙafa, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance. Na ga idonsa ya kawo wani haske da rabona da gani tun yana aiki.

Mama ta tura wani curin ƙasa da bakin takalminta, ya ƙi fashewa.

"Malam, ƙasar nan yunwa take ji," ta ce. "Da ka ba ta taki tukuna kafin ka zuba mata iri."

"Kwandasta, tsaya a bakin ƙofa ki bar mini sitiyari."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Mama. Ta gyara mayafinta, kuma duk kakar ba ta sake taka filin ba.

Sati uku ya yi yana share wurin. Ya sayi fartanya da shebur da manjagara da baro, ya ja igiya ya fitar da layuka miƙaƙƙu kamar an zana su da rula. Ya rubuta jadawali a jikin kwali ya rataye a waya: ban ruwa ƙarfe shida da rabi, ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe biyar. Ko an yi ruwan sama sai ya ba da nasa, tunda jadawali bai ce a tsallake ba. Irin karas kuwa leda guda ya juye a layi ɗaya. Da na ce masa anya bai yi yawa ba, sai ya ce, "Motar da ta cika ita ke cin riba, Auta."

Ƙasar laka ce. In ta sha ruwa ta zama kamar ƙullin biredi, in rana ta buge ta ta daskare ta tsattsage. Tumatir ya fito ya yi rawaya ya sunkuyar da kai. Kabeji ya ɗan yi ƙoƙari, sai tsutsa ta mai da ganyensa rariya. Karas suka taso a cunkushe, kowa na neman wurin sa ƙafa. Bayan wata uku abin da Baba ya shigo da shi gida karas uku ne, kowanne bai fi ƙaramin yatsana ba, da ɗan damin alayyafo da ba zai ƙosar da zomo ba.

Mama ta karɓa da hannu biyu. Ta wanke su tas, ta yayyanka a miya, da aka zuba abinci ta tsamo yankan karas ɗin duk ta tara a gefen Baba. Ya cinye, kansa a ƙasa. Na ce a raina an gama, gobe baro zai koma kasuwa.

Ashe ba a gama ba. A fili na goma sha uku akwai wani dattijo dogo siriri, tsohon ma'aikacin gidan waya, kowa na ce masa Mai Wasiƙa. Matarsa ƙawar Mama ce, a benen da ke kallon namu suke. Da can gaisuwa kawai ke haɗa su da Baba. Bayan ranar karas ɗin nan sai ya fara jingina da waya yana jan hira.

"Direba, da ni ne kai, da na haƙa rami a wannan kusurwar. Ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, busasshen ganye, duk a zuba. Ban da nama, ban da mai. A rufe da ƙasa, a riƙa juyawa duk sati."

Baba ya dawo gida ranar kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Kwandasta, kin san ɓawon dankalin nan da kike zubarwa dukiya ne?"

"Ikon Allah!" in ji Mama. "Wa ya gaya maka?"

"Mai Wasiƙa. Mutumin nan masani ne, kar ki gan shi haka."

Daga nan Baba ya samo bokiti mai murfi. Mutumin da ba ya fita sai takalminsa na ƙyalli, ga shi yana bi ƙofa-ƙofa a benenmu yana sallama yana tambayar ɓawo. Matan bene suka saba, kowacce ta ajiye masa leda a bakin ƙofa. Duk sati kuma sai ya dawo da sabon karatu daga wurin Mai Wasiƙa. Ya tayar da kunya-kunya don ruwa ya daina kwanciya. Ya cuɗa lakar da yashi da kashin kajin da ya bushe. Ya tsince saiwar ƙiri-ƙiri ɗaya bayan ɗaya, don an ce masa ko guntu ya bari sai ta dawo da danginta. Ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan kunyoyin. Jadawalin kwali ma ya sauka daga waya, don Mai Wasiƙa ya ce yatsa za a tsoma a ƙasa, in da danshi a bar ta ta huta.

Wata Talata ina tsakiyar sallamar masu sayen magani wayata ta yi ƙara. Da na ga Baba ne na ɗauka da sauri, don ba ya kirana a wurin aiki.

"Auta! Tana!"

"Baba, wace tana? Lafiya?"

"Tana na gani a ƙasata! Har biyu, manya-manya! Mai Wasiƙa ya ce in ka ga tana, ƙasa ta farfaɗo."

Na ce masa barka da arziki. Matar da ke gabana ta zaci haihuwa aka yi, ita ma ta ce barka.

A karo na biyu bai watsa iri kai tsaye ba. Ya reni tumatir da tattasai da kabeji a kwalayen ƙwai a baranda, yana juya su zuwa ga rana safe da yamma. Sun yi ganye hurhuɗu, saura kwana kaɗan a dasa su, sai asibiti suka kira. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana damunsa, gadon shekarun taka kuloci, kuma an daɗe da sa shi a layin masu jiran aiki. Aka yi aikin lafiya. Likita ya ce sati shida ba hawa ba sauka.

Ba ciwon ne ya dame shi ba, dashen ne. Yana kwance ƙafa a kan filo ya zana taswirar filin a takarda, kowane layi da abin da za a dasa da tazararsa. Ya miƙo mini da makullin.

"Ki kai wa Mai Wasiƙa, ku yi tare. Kar ki canja ko ɗigo."

Ranar Asabar da safe na jera kwalayen a babban faranti zan fita, sai na ga Mama ta yafa mayafi.

"Mu je in riƙe miki jaka," ta ce.

Muna shiga filin ta ajiye jakar a kan baro. Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure mayafin a ƙugu, ta durƙusa ta damƙi ƙasa. Ta matse ta a tafin hannu, ta buɗe, ta murje, ta kai hanci ta sansana.

"Ya yi ƙoƙari," ta ce a hankali. "Wallahi ya yi ƙoƙari."

Na buɗe taswira zan fara karantawa, ta ce in ninke ta in ɗebo ruwa. Kafin in dawo daga famfo ta dasa tumatir bakwai. Yatsa biyu take sawa ta buɗe rami, ta zaro shukar da ƙasarta, ta zaunar, ta danne gindin da babban yatsa, ta matsa gaba. Ko kallon hannunta ba ta yi. Na tsaya da bokiti baki buɗe.

Sai ga Mai Wasiƙa ya taho yana murna.

"Malama, yau da kanki? Ai kuwa na huta! Maganar tokar nan, a kan ganye kika ce ko a gindi? Jiya Direba ya bugo yana tambayata, na ce masa ina cikin kasuwa ba na ji sosai."

Ya hango ni, ya rufe baki da hannu.

"Mama?" na ce.

"Zuba ruwan a gindi, ba a kai ba," in ji ta. Sai da ta gama layin ta zauna a kan dugaduganta ta dube ni. "Ubana mai lambu ne, a bakin kogi. Tun ina shekara bakwai nake jan ruwa har ranar da aka kawo ni garin nan. Tafin hannuna duk kanta ne a lokacin. Da na auri direba na ce ni da laka har abada."

"To Baba bai sani ba ne?"

"Ya sani mana. Amma shekara arba'in ina tare da mutumin nan. In na ce masa ga rami a gaba, sai ya ce tun daga nesa ya gani. In baƙo ne ya faɗa, nan take zai taka burki. Ni don ya fita mini daga kicin na rubuta sunansa. Sai ranar da ya shigo da karas ɗin nan uku ya ba ni tausayi. Na ga abin ya shiga ransa."

"Ni dai isar da saƙo na sani, 'yata," in ji Mai Wasiƙa. "Ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, ni in kai. Ni ma ina ɗan tsinta a hanya, ba ki ga albasata ta gyaru ba?"

Sati shidan nan Mama kullum da safe sai ta ce za ta leƙa kasuwa. Baba ya ce mini kasuwar nan tata ta yi yawa, kuma ba ya ganin abin da take sayowa. Ni dai na ce masa kaya sun yi tsada, sai an zaga.

Ranar da likita ya yarda ya sauka, muka ɗauki tasi mu uku. Ya shiga filin yana dogara sanda, ya tsaya cak. Tumatir ya kai ƙugu, an ɗaure kowanne a jikin kara da tsumma. Kabeji ya fara naɗe kai. Albasa ce a tsakanin layukan karas, wake yana hawan waya, latas ya ɓuya a inuwar tumatir.

"Wannan ba taswirata ba ce," ya ce.

Ya taka a hankali har tsakiya, ya shafa ganyen kabeji kamar mai shafa kan jika. Sai ya ƙwala wa Mai Wasiƙa kira, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ta godiya, yana cewa ɗan'uwa ma sai haka. Mai Wasiƙa sai gumi yake yana cewa ba komai, ba komai.

"Amma dubi nan," in ji Baba, ya nuna tumatir biyu na bakin layi. "Me ya sa ganyen waɗannan ya nannaɗe?"

Mai Wasiƙa ya buɗe baki. Idonsa ya zame ta kan kafaɗar Baba ya sauka a kan Mama. Ƙiftawa ɗaya ce, amma mutumin da ya shekara talatin yana lura da fasinja ta madubi ba ya rasa irin wannan. Baba ya juya a hankali a kan sandarsa. Mama ta ɗaga kai tana nazarin gajimare.

"Kwandasta."

"Na'am."

"Me ya sa ganyen ya nannaɗe?"

"Ruwa ne ya yi musu yawa. Auta ce ta cika hannu ranar Asabar. A bar su kwana biyu za su ware."

Baba ya ƙura mata ido.

"Ramin taki ma ke ce?"

"Ni ce."

"Yashi? Toka? Tsoma yatsa?"

"Ni ce, Malam."

"Tana fa?"

"A'a, Direba," Mai Wasiƙa ya yi caraf, "tana kam ikon Allah ce."

Ni dariya ta ƙwace mini, amma Baba bai yi ba. Ya ce a kira tasi, ƙafarsa na ciwo.

Kwana biyu yana fushi. Ya ce an haɗa baki an mai da shi abin kallo, shekara guda yana yabon mutum a gaban mai abin. Abinci ma a falo yake ci shi kaɗai, ya kunna rediyo da ƙarfi. Mama ta yi biris da shi, ta ci gaba da zuwa lambu, yanzu ba tare da ta ce kasuwa ba.

Abin da ya faru rana ta uku daga bakin Mama na ji. Ta ce tana kicin da hantsi sai ta ji ƙarar sanda. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, har ta shirya amsar da za ta ba shi. Sai ya jawo kujerar roba ya zauna, ya miƙe ƙafar.

"Babanki, Allah ya jiƙansa," ya ce, "yaya yake yi da tsutsar kabeji?"

Ta ce masa da hannu yake tsincewa, da sassafe kafin rana ta fito, ita tana biye da shi da gwangwani. Daga nan magana ta ɓalle. Ta ba shi labarin lambun, da itacen lemon da ke bakin ruwa, da yadda tsohon yake magana da shuka in ya zaci ba kowa, da shekarar da kogi ya cika ya share komai ya zauna a kan tudu yana kallo, washegari ya fara haƙa. Ta ce rabonta da yin maganar mahaifinta haka tun rasuwarsa. Shayin da ta haɗa ya huce a kofi, ta yi kuka, ta yi dariya. Baba bai katse ta ko sau ɗaya ba.

"Shi da ba ya barin mutum ya kai aya a magana," in ji Mama. "Har na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne."

A kakar nan sai da muka rasa inda za mu sa tumatir. Kabeji tara suka naɗe, karas kuwa sai an sa hannu biyu a tuge. Yayyena da suka zo hutu kowa ya koma da buhu.

Yanzu sun raba aiki. Mama ke faɗin abin da za a shuka da inda za a sa shi. Baba ke da baro da ramin taki da ban ruwa, kuma ya haɗa benci da katakon da ya tsinta, ya kafa shi a gefen waya saboda bayan Mama ba ya son dogon sunkuyo. Sai dai ya ware kunya ɗaya a ƙarshen fili ya ce wannan tasa ce, ba mai sa masa baki. Bana kankana ya shuka a ciki. Mama ta ce wurin ya yi mata kaɗan, za ta bi ta kan kowa. Ya ce a bari a gani.

Asabar da ta wuce na je gida na tarar da ƙofa a kulle, na wuce lambu. Na same su zaune a benci, flas ɗin shayi a tsakaninsu. Kankanar ta tsallake kunyarta, ta ratsa cikin albasa, ta leƙa ta ƙarƙashin waya ta haifi ɗa guda a filin Mai Wasiƙa. Ana ta shari'a a kan ko na wane ne. Mai Wasiƙa ya ce abin da ya shigo gidansa da ƙafarsa nasa ne. Baba ya ce a bi uwa a ga inda gindinta yake. Mama ta ce ita ba ruwanta, amma duk wanda ya ci shari'ar ya sani sai ta ƙara sati biyu kafin ta nuna.

"Auta, kin zo a daidai," in ji Baba. "Ke kika yi karatu, yanke mana hukunci."

Na ce a raba biyu. Su duka suka ce ban iya shari'a ba. Mama ta miƙo mini fartanya ta nuna mini layin tattasai, ta ce tunda na zo da hannuwana in rage mata ciyawa kafin rana ta yi zafi.